Injiniya Abdulwahid Ya Sauki Baƙo

Kowace unguwa da abin da take taƙama da shi. Akpakpa na da masu walda, Gbégamey na da kasuwarta, mu kuwa a Zongon Kwatano Allah ya ba mu Injiniya Abdulwahid, ɗan marigayi Alhaji Ilu mai masauki, kuma ba mu da bakin godiya. Wanda bai san shi ba baƙo ne, baƙon ma wanda bai kai ga ajiye jakarsa ba, don Injiniya ba ya barin mutum ya sha wahalar tambaya. Shi da kansa zai tare ka a hanya ya gaya maka ko shi wane ne.

Injiniyancin nan ba a makaranta ya samo shi ba. Makaranta ta yi masa kaɗan tun bai gama firamare ba, sai ya bar ta don kada ya riƙa kunyata malamai. Ya sayar da cajar waya a bakin kasuwar Dantokpa, ya yi dillancin batir, ya taɓa liƙa gilashi a fuskar waya. Ranar da ya buɗe wa wata mai koko wayarta da ta manta lambar sirri, lambar kuwa sifiri ne a jere, ranar ya gane cewa an halicce shi don babban al'amari. Gari na wayewa ya kira mai fenti, aka kafa allo a ƙofar gidan ubansa: Kabinen Tsaron Intanet na Afirka ta Yamma da Kewaye. Kabinen, wato ofishin, shi ne ɗakin nan na kusa da zaure, inda a da ake rataye igiyoyin shanu.

Ga shi da cika shiga. Ya ga hotunan gwanayen kwamfuta sanye da baƙar rigar sanyi mai hula, shi ma ya nemo tasa a gwanjo. A zafin Kwatano, inda ko ƙadangare ke neman inuwa, za ka same shi ya lulluɓe kai, gumi na bin haɓarsa yana ɗiga a kan tebur. A gabansa kwamfutarsa ce a buɗe. Rabonta da kawo wuta tun ambaliyar da ta shiga ɗakin, amma wannan bai hana shi buga mata yatsu ba idan ya ji takun mutum. In an tambaye shi me ya sa ba a ganin komai, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, “Baƙin allo na manya ne. Mai launi-launi na yara ne da masu kallon bidiyo.”

Samari na ce masa Mosiyo Sekirite, wato mai tsaro da Faransanci, yana amsawa. Tsofaffi na ce masa Sarkin Tsaro, yana ɗaga hannu. Mahaifiyarsa Hajiya Hajaratu ce kaɗai ba ta san darajar abin da ta haifa ba, har gobe Wahidu take kiransa, kuma ta aike shi sayen gawayi.

To, sai ga kakarsa ta yanke saƙa. 'Yan damfarar waya, waɗanda a nan ake kira gayman, suka sa fataken shanu a gaba. Yau a kira wannan da muryar ɗansa, gobe a turo wa wancan saƙon ƙarya. Fataken nan kuwa a gidan Alhaji Ilu suke sauka tun kaka da kakanni, babbansu shi ne Alhaji Ɗantala na Malanville, dattijo mai kaifin harshe. Injiniya ya same su a zaure suna jajantawa, ya gyara hular rigarsa, ya yi gyaran murya.

“Bon,” ya ce. “Matsalarku ba ku da ni ne. Akwai wani sistam da ake kira Kali, ba a sayar da shi a kasuwa, sai wane da wane. In na sa shi a ordinatar, kwamfuta ke nan a wajenku, daga nan inda nake zaune zan ga gayman yana cin tuwo a gidansu. Ku taru bayan la'asar ranar Alhamis ku ga aiki da idonku. Daga nan sai ku naɗa ni mai kula da tsaron ƙungiyarku, a huta.”

A yi wa Kali adalci, abu ne na gaskiya. Masana na aiki da shi su gwada katangar kwamfutocin wata ma'aikata da izinin masu ita, su ga inda ɓarawo zai iya haurowa, a toshe. Kyauta ma ake sauke shi. Ana iya zaunar da shi a kwamfuta ɗaya tare da wanda yake ciki tun farko, kowa da ɓangarensa, in ka kunna ka zaɓi wanda kake so. Injiniya ya san duk wannan, domin ya kalli bidiyon koyarwa har zuwa tsakiya. A nan ne forfensa na intanet, wato datar da ya saya, ya ƙare, shi kuma ya ga sauran rabin ba zai wuce maimaici ba.

Saura abu ɗaya, kwamfuta mai numfashi. A duk gidan guda ɗaya ce, ta Munirat.

Munirat ita ce autar Hajiya, kuma ita ce mace ta farko a zuri'ar Alhaji Ilu da ta kai ƙarshen jami'a. Tana rubuta kundinta na kammala karatu, memuwar, a kan matan da ke ƙyafa kifi a Tokpa-Hoho da abin da hayaƙi ke yi wa ƙirjinsu. Ta yi watanni tana bin su rumfa-rumfa, tana lallashi, tana ɗaukar muryoyinsu, har kayanta suka daina rabuwa da ƙaurin kifi. Ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare aikin, wato sutnans, ta matso. An fitar da anko, an ɗaure rago a bayan gida, dangi na Porto-Novo sun ce da mota guda za su zo. Duk wannan hidima a kan abin da ke cikin kwamfutar nan take, da kuma kwafinsa da ta ajiye a ɗan kile, irin wanda ake soka wa kwamfuta a gefe, ta ba Hajiya ta ƙulle a bakin zane.

Da Injiniya ya je mata da maganar, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

“Yaya, don girman Allah ka bar min ordinatar ɗina sai na gama sutnans. Bayan nan ko daka ta za ka yi a turmi, ka daka.”

Babban mutum ba ya jayayya da ƙanwa. Ya jira ranar Alhamis da safe, ta tafi jami'a a Calavi wajen malaminta, ta bar kwamfutar a ɗakin Hajiya saboda hadari ya haɗo. Sai ya shiga da sallama, ya durƙusa, fuska a murtuke.

“Hajiya, ban so in tayar miki da hankali ba. Amma na ga alamun gayman a rezon gidan nan, wato intanet ɗinmu. Karatun yarinyar nan suke nema. In suka sace shi, wani ɗan Legas za su sayar wa, shi ya zama dakta, mu a bar mu da rago.”

Hajiya ta dafe ƙirji ta yi salati. Wace uwa ce za ta ji haka ta zauna? Ta miƙa masa kwamfutar. Ya ce ai har da kilen, shi ma yana buƙatar rigakafi. Ta kwance bakin zane ta ba shi, har da sa masa albarka.

Gaskiyar magana, kile yake nema da zai zuba Kali a ciki, don ta nan ake shigar da shi kwamfuta, nasa kuwa ya daɗe da ba da shi aro. Kilen da za a yi wannan aiki da shi sai an goge duk abin da ke cikinsa. Kwamfutar ta gaya masa haka ƙarara. Ya ce ai ba komai, akwai asalin a cikin uwar, wato kwamfutar. Ya danna. Tun kafin azahar, karatun Munirat wuri ɗaya tak ya rage masa a duniya, kuma wurin yana kan cinyar Injiniya Abdulwahid.

Bayan la'asar zaure ya cika. An jera benci, an ɗora shayi, an raba goro. Har liman aka roƙa ya buɗe taro da addu'a, bawan Allah ya yi, ko da yake bai san me ake raɗa wa suna ba. Injiniya ya fito cikin baƙar rigarsa, ya ajiye kwamfutar a kan tebur da hannu biyu.

“Jama'a,” ya ce, “zan sauko da ilmi ƙasa-ƙasa yadda za ku iya tsinta. Ordinatar gida ce. A wannan gidan akwai masu zama biyu, Windows da wani na makaranta da yarinyar ke lissafi da shi. Yau za mu sauki babban baƙo a cikinsu, ya zauna tare da su lafiya. Donk, ku natsu. Wanda wayarsa ta yi ƙara, ba ni da alhakin abin da zai same ta.”

Nan take dattawa suka shiga laluben aljihu suna kashe waya.

Da farko komai ya tafi daidai, don har nan bidiyon ya kai. Ya zaɓi harshe, ya zaɓi ƙasa, ya sa wa na'urar suna Sarkin Tsaro. Sai aka zo inda ake yanka wa baƙon wurin zama. Injiniya ya tuna cewa mai bidiyon ɗan yanki kaɗan ya ware, shi ma ya ware ɗan yanki kaɗan. Da an bar shi, da wataƙila Allah ya rufa asiri.

Alhaji Ɗantala ya miƙo wuya.

“Ɗana, wannan ɗan tsugul ɗin fa?”

“Nan ne masaukin baƙon, Alhaji.”

“Wannan babban filin kuma?”

“Na masu gida ne.”

Alhaji Ɗantala ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ranar da na fara zuwa Kwatano da shanu, ruwa ya yi min dukan tsiya, ban san kowa ba. Ubanka ya tashi daga kan gadonsa ya ba ni, shi ya kwana a kan igiyoyi a ɗakin can da kake kira kabine. Ashe zan ga ranar da ɗan Ilu zai sauki baƙo a bayan ƙyaure.”

“Baƙon ma da ya taso tun daga ƙasar Turawa,” in ji wani daga baya.

“Baƙonka Annabinka,” wani ya ƙara, yana girgiza kai.

Gumin Injiniya ya sake sabon lale. Ya yi dariyar yaƙe ya ce gwada su yake yi, ya ga ko har yanzu akwai masu kishin al'ada. Ya ƙara wa baƙon wuri. Aka yi gunaguni. Ya ƙara har rabi. Sai wani bafatake ya tofa tasa, ya ce shi dai a garin Parakou akwai masaukin da in ka sauka, maigidan makullan gidan gaba ɗaya yake damƙa maka, amma ba laifi, kowa da ƙarfinsa.

Parakou! A gaban liman, a zauren Alhaji Ilu! Injiniya ya miƙe tsaye har hular rigar ta zame.

“Wallahi ba a haifi ɗan Parakou da zai fi gidan nan karamci ba. Ku duba da kyau.”

Ya koma baya, ya zaɓi layin da ke cewa a ba baƙon faifan ajiyar kwamfutar gaba ɗaya.

Kali, Allah ya saka masa, bai ɓoye komai ba. Ya fito da gargaɗi da Faransanci cewa duk abin da ke cikin kwamfutar zai tafi, ya tambaya ko an tabbata. Alhaji Ɗantala ya ce me yake faɗa. Injiniya ya karanta, sai rabin bidiyon da bai kalla ba ya faɗo masa a rai. Amma ido ya yi yawa a kansa.

“Kunya ce irin ta baƙo mai tarbiyya,” ya ce. “Cewa yake a'a, kada a takura wa masu gida saboda shi.”

“Allah sarki! Ɗan mutunci ne,” in ji dattawa. “Matsa masa. Baƙo ai sai an matsa masa yake sakin jiki.”

Injiniya ya matsa masa.

Zaure ya kaure da sowa. Wani ya yi masa kirari, ɗan Ilu gadon alheri, ruwa ba ka tambayar mai ƙishi. Wani ɗan layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar yana cika sannu a hankali, Injiniya kuwa ya yi amfani da damar ya yi jawabi a kan makomar Afirka. Ya ce nan gaba kaɗan ko saniya sai da lambar sirri za ta shiga mota. Ya ce akwai ƙasashen da ke nemansa, shi ne dai ba ya son barin Hajiya. Aka sake zagayawa da shayi. Da layin ya cika, kwamfutar ta mutu ta farfaɗo, ga hoton wani dodo mai kama da maciji ya bayyana. Aka yi kabbara, har wani tsoho ya ja bencinsa baya.

Ana cikin haka zemijan, wato ɗan acaɓa, ya tsaya a ƙofar gida. Munirat ta sauko da fara'arta, ta biya ta wajen tela ta karɓo ankonta, malaminta kuma ya ce gyara kaɗan ya rage a buga. Ta yi sallama, ta rusuna ta gaida dattawa. Sai idonta ya sauka a kan tebur.

“Yaya, wannan ba ordinatar ɗina ba ce?”

“Taki ce, ƙanwata. Yanzu ma ta zama ordinatar.”

“Ina Windows ɗina?”

“Yana ciki. Sun ɗan matsa wa baƙo ne. Wala, duba.”

Ya kashe ya kunna. Inda ya kamata sunaye uku su fito a zaɓa, baƙon ne kaɗai zaune. Ya sake kashewa ya kunna. Ya hura wa madannan iska. Ya ɗaga kwamfutar ya leƙa ƙarƙashinta, sai ka ce masu gidan a nan suka ɓuya. Munirat ta saki ledar ankon ta ruga cikin gida tana kiran Hajiya ta ba ta kilenta. Muna jin muryar Hajiya daga tsakar gida tana cewa, “Ai yana wajen yayanki, ya yi masa rigakafi.”

A nan dariyata ta tsaya, kuma ba na jin akwai wanda ya ga abin dariya. Yarinyar ta dawo zaure a hankali, ta dubi kilen da ke soke a gefen kwamfutar, ta zauna a ƙasa daɓas a gaban manyan mutane. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai take, “Muryoyin matan nan. Wata ma ta rasu.” Na ji tausayinta har cikin raina.

Fatake kuwa sai kowa ya tuna yana da uzuri. Wannan zai duba shanu, wancan alwalarsa ta karye. Alhaji Ɗantala, wanda ya zuga aka hau dokin, ya laluɓi takalmansa yana cewa, “Mu dai shanu muka sani. Shi ne injiniya.”

Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Injiniya ya gyara tsayuwa, ya dubi sauran da ba su kai ga ƙofa ba.

“A duba abin ta fuskar ilmi,” ya ce. “An kira ni in hana gayman sace karatun yarinyar nan. To, ina ƙalubalantar duk wani gayman daga nan har Legas, ya zo ya sata in ya isa.”

Babu wanda ya karɓi ƙalubalen.

An kai kwamfutar wajen masu gyara, suka yi iya yinsu, suka tsamo 'yan hotunan biki da rabin wata waƙa. Malamin Munirat na da babukan farko a takarda, duk jan biro, waɗannan za a iya sake bugawa. Amma hirarrakin da lissafin da aka gina a kansu sun tafi. Aka ɗage sutnans ɗinta zuwa zango na gaba. 'Yan ajinta suka yi nasu, muna jin hon ɗin motocinsu. Anko ya shiga akwati, aka aika wa dangin Porto-Novo su dakata, rago ya ci gaba da cin dusa hankalinsa kwance. Munirat ta sake ɗaukar jaka ta koma Tokpa-Hoho, tana ba matan haƙuri su maimaita mata abin da suka riga suka faɗa.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ta sa aka cire allon Afirka ta Yamma da Kewaye, aka share kabine, aka sa wa Munirat tebur da fanka da sabon kwaɗo, makulli a wuyanta. Sannan ta sa aka ajiye benci a bakin zaure, ta ce Wahidu ya zauna nan tun daga hantsi har magariba, kada ya motsa sai salla.

Wani zai ɗauka wannan faɗuwa ce. Bai san Injiniya ba. Kafin sati ya zagayo duk Zongo ta ji cewa an ƙara masa girma. Yana zaune a bencin cikin baƙar rigarsa, yana korar awaki, yana yi wa masu tallan burodi tambayoyi, yana bayyana wa duk wanda ya tsaya cewa tsaron intanet mataki ne na farko, wanda ya ƙware shi ake ɗaukakawa zuwa tsaro na zahiri. “Duk aikin yarinyar nan a hannuna yake yanzu,” in ji shi. “Ko ƙuda sai da izinina.”

Wata maƙwabciya da ta shiga gaida Hajiya ta kasa haƙuri. Ta ce, “Hajiya, ke kuwa bayan abin da ya faru, shi za ki ba gadin ɗakin?”

Hajiya na zaune a kan tabarmarta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ɗaga kai ta dubi bakin zaure, inda ƙeyar Injiniya ke kaiwa da komowa yana yi wa wani bayani.

“Gadi?” ta ce. “Wa ya ce miki gadi yake? Nan ne kaɗai wurin da nake iya hango shi daga inda nake zaune.”